Malam Kalilu da 'Yan Rakiyar Turanci

Jama'a, idan kun ji rubutuna na yau yana ƙauri, ku yi mini uzuri, rana ce ta gasa marubucin. Tun hantsi nake tsaye a jikin katangar wani sito a Isa, da buhu babu komai a hammata, har inuwar katangar ta gaji da ni ta koma ɗaya gefen. Mun kai mutum ɗari biyu. Abin da ya tara mu wata takarda ce da aka manna a ƙofar siton, wadda wani mai tabarau a gaban layi ya karanta, ya juyo ya ce mana yau za a raba takin zamani. Da la'asar mai gadi ya fito da butarsa, ya dube mu da tausayi, ya ce mai riƙe da makulli ya tafi Sakkwato gaisuwar rasuwa. Sai a lokacin na matsa na dubi takardar da idona. Ga shi nan ɓaro-ɓaro da Turanci: "Fertiliser may be shared today."

Maƙwabcina Yari, ɗan kabu-kabu, shi ya ɗauko ni zuwa gida. Yari bai taɓa zama a ajin boko ba, amma da na faɗa masa abin da ya faru sai ya rage gudu ya waiwayo.

"Wace kalma anka sa gaban ta rabon?"

Na ce, "May."

"To kai kuma mi yas sa ka tsaya? Da ka aiko an kira ni in karanta maka. Wagga ai ba a ɗauko mata buhu. Ko leda ba a ɗauko mata."

Gaskiya ya faɗa. Ni ma na san labarin da ya koya wa Yari wannan karatu, kwaɗayin taki ne ya mantar da ni. Bari in ba ku shi, ko wani ya tsira daga rana irin tawa.

Can bayan Tozai akwai ƙauyen da ake kira Tungar Gawo, garin su Yari, kuma garin kakannina na wajen uwa. A nan Malam Kalilu Sodangi yake. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Turanci a firamare, ya ajiye alli ya koma gonar gero. Dogo ne siriri, mai magana a hankali, kuma har gobe ba ka raba aljihun rigarsa da jan biro, ko da yake babu sauran littafin da zai duba.

Duk wanda ya bi ta ajinsa ya san darasin da ya fi so. Akwai wasu ƙananan kalmomi a Turanci, will da shall, can da could, may da might, must da should. Malam Kalilu yana ce musu 'yan rakiya. Yakan ce su ba su noma, ba su gini, ba su ɗaukar kaya. Aikinsu kawai su tsaya a gaban kalmar da ke yin aikin, su sanar da kai ko za a yi, ko ana iya yi, ko dole a yi, ko kuwa ka koma gida ka kwanta. Da na fara jin wannan bayani na ce ashe har a cikin nahawu akwai manyan ma'aikata.

Tsakanin Tungar Gawo da hanyar Tozai akwai wani mashigi. Da rani rairayi ne, yara na wasa a ciki. Da damina kuwa, idan aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ya cika ya kai wa ƙato ƙirji, ya yi wuni bai sauka ba. Ba gada mutane suka roƙa ba. Kwalbati suka roƙa, manyan bututun siminti huɗu da abin da zai riƙe su.

Wanda aka kai wa kukan shi ne Mai Girma Sarkin Aza Tubali, Allah ya ƙara masa jiniya. Mutumin nan a ƙasar nan aka binne cibiyarsa, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Amma yana da wata lalura: da an miƙa masa lasifika, mai kyamara ya durƙusa a gabansa, sai Hausa ta gudu daga bakinsa. Dole a nemo masa tafinta don ya yi magana da 'yan uwansa. A Tungar Gawo kuwa babu tafintan da ya wuce Malam Kalilu.

Shekarar farko Mai Girma ya zo da motoci tara, ya aza tubali a bakin mashigin, ya ce, "We will build it." Malam Kalilu ya ce, "Za mu gina shi." Fassara ta yi daidai, mata suka yi guɗa. Ruwan damina ya tafi da tubalin. Shekara ta biyu ya dawo ya aza wani, a wannan karon ya ce "shall". Malam Kalilu ya ji daɗi, don a wurinsa shall ai will ce ta sa babbar riga. Ya sake cewa, "Za a gina."

Shekara ta uku Mai Girma bai zo ba, takarda ya aiko. A ciki an rubuta cewa aiki "should begin soon". Malam Kalilu ya san should ba alƙawari ba ce, ya kamata ce, ana sa rai ce. A shekarar ce samarin gari suka fara maganar su yi gayya, su tara duwatsu su gyara mashigin da kansu. Aka kawo masa takardar a gindin gawo. Ya duba, ya dubi fuskokin mutane, ya ce, "Sun ce an kusa farawa. Ku dakata kada ku ɓata musu tsari." Aka dakata.

Shekara ta huɗu takarda ta zo da may. Ta biyar ta zo da might. Malam Kalilu yana ganin kalmomin suna sauka kamar mai saukowa daga tsani, taki ɗaya kowace shekara, amma duk wadda ta zo sai ya juye ta a ƙwarya ɗaya: za a yi.

Kada ku yi saurin zaginsa. Akwai kunya a ciki, wadda ke hana dattijo ya ƙaryata baƙo a gaban jama'a. Akwai tausayi, don ba ya son ya ga fuskar mutane ta faɗi. Akwai kuma kujerar gaba da lemo mai sanyi, wannan shi da kansa ya faɗa mini, bai ɓoye ba. Sannan akwai Marwan. Marwan shi ne mai rubuta wa Mai Girma jawabai da takardu, magidanci mai furfura a gemu yanzu, amma a da ɗalibin Malam Kalilu ne, wanda ya fi kowa a ajinsu. Duk takardar da ta zo, Malam Kalilu yana gane hannun ɗalibinsa a jerin kalmomin, kuma duk da abin da ke ciki sai ya ji wani ɗan alfahari, don babu kuskure ko na ɗigo.

Mutum ɗaya ce ba ta yarda da fassarar ba, Inna Laraba, ungozomar gari. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ta san fuskar mutum idan yana ɓoye abu. Ita ta laƙaba masa suna Malam Za A. Idan suka haɗu a hanya sai ta ce, "Malam Za A, an tashi lahiya? Ya gida, ya kwalbati?" Shi kuma ya yi murmushi ya wuce.

A daminar shekara ta shida Bilkisu, autar Malam Kalilu, wadda ke aure a nan cikin gari, ta kama naƙudar fari. Tun jiya take fama. Da safe Inna Laraba ta fito ta ce wannan ta fi ƙarfinta, a kai ta asibiti a Isa. Ga shi tun asuba ake tsuga ruwa. Aka shimfiɗa katifa a amalanken shanu, aka ɗora ta, aka iso mashigi wajen azahar, aka tarar ya cika yana ruri, yana tafe da karare da rassan itace. Yari ya ce bari ya tura babur ɗinsa ya haye, ya samo mota a wancan gefen. Bai kai tsakiya ba ruwa ya fizge babur ɗin, shi kuma Allah ya sa ya kama saiwar wata bishiya, aka jawo shi da igiyar shanu.

Babu gaba, komawa kuma ba ta da amfani. Mata suka kwance mayafai suka kewaye amalanken, maza suka ja da baya suka juya. Malam Kalilu ya tsaya shi kaɗai, ya ba su baya, kuma abin da ke gabansa shi ne allon aikin kwalbati, mai sabon fenti, don shi kam ana sabunta shi duk shekara. Awa biyu yana tsaye yana jin muryar 'yarsa tana raguwa, yana kallon allon. Gab da la'asar aka ji kukan jinjiri.

Inna Laraba ta fito tana wanke hannu da ruwan buta. Ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Malam, ka samu jika, mace. Uwar tana numfashi, amma ta zubar da jini da yawa. Allah yab bar maka ita, ba 'za a' ɗin nan naka ba."

Bilkisu ta yi wata biyu a kwance kafin ta iya ɗaukar tulu. Babur ɗin Yari kuwa sai bayan kwana biyu aka tsinto shi a gonar wani, cike da laka. A duk tsawon lokacin Malam Kalilu ya daina zama hira bayan salla. Abin da ke cin sa ba Mai Girma ba ne, shi kam ya saba da halinsa. Abin da ke cin sa shi ne ranar nan da samari suka ce za su tara duwatsu, shi ya buɗe baki ya ce su dakata.

Da kaka ta yi, hanya ta bushe, sai ga sanarwa cewa Mai Girma zai zo jaje. Labarin haihuwar bakin mashigi ya yaɗu har birni, kuma kun san manyanmu da tausayi, ba su iya jin abu irin wannan su zauna, musamman idan akwai mai kyamara. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka sauke katan-katan na lemo. Aka zo aka kira Malam Kalilu kamar kullum. Ya sa farar rigarsa ya tafi.

Mai Girma ya miƙe, ya gyara hula, Marwan ya miƙa masa takarda. Ya yi gaisuwa mai tsawo, Malam Kalilu ya fassara ba ragi ba ƙari. Sannan aka zo kan magana.

"We may resume work after the harvest."

Malam Kalilu ya ɗaga lasifika ya ce, "Ya ce mai yiwuwa su dawo aiki bayan girbi. Mai yiwuwa kuma ba su dawo ba. Kalmar da yas sa ta ɗauki duka biyun, ba ta zaɓi ɗaya ba."

Mai guɗa da ta riga ta buɗe baki ta rufe. Mai Girma ya ɗan dubi tafintan, ya ɗauka kunnensa ne, ya ci gaba.

"The contractor might return soon."

"Wagga kuma ta hi ta hwarko rauni. Sunanta might. In waccan rabi da rabi ta, wagga ba ta kai rabin rabi ba. Ya ce ɗan kwangila, wataƙila dai, ko da wani ikon Allah, shi dawo."

Liman, wanda ke zaune a kujerar gaba, ya karkato ya ce, "Malam, mi kac ce sunanta? Mayyit?"

"Might, Allah shi gafarta Malam."

"To ai da Larabci mayyit gawa ta."

"Ba su da nisa da juna," in ji Malam Kalilu, kuma lasifika a bakinsa take.

Dariya ta fara daga wajen mata ta zagayo. Marwan ya sunkuyar da kai. Mai Girma ya goge goshi, ya tsallake layi biyu, ya faɗa kan wanda ya fi muni.

"We could have finished it last year."

"Ya ce bara suna da ikon gama shi. Wagga kalma, could have, ba a amfani da ita sai ga abin da anka iya yi ba a yi ba."

Dariya ta ɗauke. Mijin Bilkisu ya miƙe tsaye, wani ya ja shi ya zauna. Mai Girma ya ga abin na neman lalacewa, sai ya ɗaga murya ya rufe da ƙarfi.

"You must be patient. You must support us."

"To nan kam babu wataƙila," in ji Malam Kalilu. "Must dole ta. Ya ce dole ku yi haƙuri, dole ku goya musu baya. Jama'a, ku lura da tsarin. Duk inda aikin nasu na, may da might. Inda naku na, must. Haka takardun ga suke shekara huɗu, ni kuma ina karanta muku za a yi. Ku yahe mini."

A nan ne aka ga abin al'ajabi. Hausar Mai Girma, wadda ta ɓace shekara shida, ta dawo masa lokaci guda, tsantsarta ta Gobir.

"Kai Malam, mi kaka hwaɗa musu? Ba haka nic ce ba."

Inna Laraba ta miƙe daga tabarmar mata, ta gyara mayafi, ta tako har gaban rumfa. 'Yan rakiyar Mai Girma, na mutane nake nufi ba na nahawu ba, suka yunƙura, amma wa zai taɓa tsohuwar da ta yanke wa rabin garin cibiya?

"Ranka shi daɗe, ashe kana jin Hausa. Alhamdu lillahi, Allah ya ba ka lahiya. To a sallami Malam shi huta. Hwaɗa muna da bakinka: za a gina, ko ba za a gina ba?"

Mai Girma ya dubi Marwan, ya dubi mai kyamara, ya dubi takardar hannunsa, babu wanda ya cece shi. Ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, in Allah ya so ya yarda..."

Liman ya ɗaga hannu a hankali. "Ranka shi daɗe, wagga kalma mai girma ta, a bi ta da hankali. Mun saba jin ta ga bakin wanda yad ɗauki hauya ya nuhi gona. Kai kuwa na ga direbanka ya riga ya tada mota."

Taro bai kai addu'ar rufewa ba. Jiniya ta yi kuka, ƙura ta tashi, kuma don kada a ce an yi almubazzaranci da dukiyar jama'a, sai da aka mayar da katan-katan ɗin lemon cikin mota kafin a tafi.

Bayan kwana uku, da hantsi, Marwan ya zo shi kaɗai a kan babur. Ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa ya gai da malaminsa kamar yadda yake yi tun yana aji huɗu. Ya miƙa takarda. An gode wa Malam Kalilu bisa hidimar da ya yi, kuma daga yau an hutar da shi daga tafinta. Malam Kalilu ya karanta har ƙasa, ya ce babu kuskure a ciki.

"Malam, ka kunyata ni gaban jama'a."

"Ni na kunyata kaina shekara huɗu, kai rana ɗaya ka samu."

"Kai ka koya mini su, Malam. Kai kac ce kowace da nauyinta."

"Na koya maka su don ka auna magana, kada ka hwaɗi abin da ya hi gaskiya. Ban koya maka don ka gina ɗakin ɓuya da su ba."

Marwan ya ce, "Malam, ba ka san wurin ga ba. In na rubuta will, sai an kira ni an tambaye ni wa yab ba ni izini. In na rubuta may, ko dubawa ba a yi, sai a sa hannu. Must kuwa an ce kada in kuskura in sa ta kusa da sunan Mai Girma. Ina da ɗiya bakwai."

"Ni ina da jika guda da anka haifa cikin amalanke. Tashi ka tahi, Allah shi yi maka albarka. Ka gai da mutanen gida."

Marwan ya tashi, ya sa takalminsa a ƙofa, ya hau babur ya tafi.

Abin kunya yana da amfaninsa. Wata guda bayan haka wata babbar mota ta zo ta sauke bututun siminti huɗu a bakin mashigi, aka ɗauki hoto, ta juya. Ba ma'aikaci, ba yashi, ba shebur. Sai wani sabon allo da aka kafa a gefensu. Bututun suka kwana, suka yi wata, suka yi wata biyar. Awaki suka samu ɗakin kwana, yara suka samu wurin ɓuya. Zafin bazara ya sauka, hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Aka taru a gindin gawo. Yari da samari suka ce a mirgina bututun a binne su kafin ruwa ya sauka. Dattawa suka ce kayan hukuma ne, ga allo nan an kafa, wanda ya taɓa zai kwana a inda ba ya so. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka ce a tafi da Malam Kalilu ya karanta allon, tunda yanzu an san bakinsa ya warke.

Ya tsaya a gaban allon, gari duka a bayansa. An rubuta: "Residents may not move these pipes." Ya karanta sau ɗaya, ya sake karantawa, ya zaro jan bironsa ya nuna kalmomi biyu na tsakiya. Waɗanda ke kusa sun ce sun ga gefen bakinsa yana motsi.

"Za ni hwaɗa muku duka, ba za ni rage komi ba. May not tana da huska biyu. Ta hwarko, ba a yarda mutanen gari su ɗauke bututun ga ba. In hukuma ta rubuta, galibi shi take nuhi. Ta biyu, mai yiwuwa mutanen gari ba za su ɗauke su ba."

"Mai yiwuwa kuma su ɗauke," in ji Inna Laraba.

"Kalmar ta ɗauki wannan ma. Akwai wadda ba ta da huska biyu, must not, hani na kai tsaye. Wanda yar rubuta allon ga ya san ta sarai, don sai da na buge mashi hannu a kanta yana yaro. Bai sa ta ba. Ko mantuwa yay yi, ko wani abu, ni ban sani ba."

Wani dattijo ya ce, "To in sunka zo kamu fa?"

"Ku ce ni na karanta muku. Shekara huɗu ina muku karatun da ya zaunar da ku. In wanga ya kai ni ɗakin duhu, ban yi asara ba."

Inna Laraba ta ce, "Mu dai ɗalibai na masu biyayya. Su da kansu sunka koya muna may wataƙila ta. Ba mu canza karatu yau ba."

Washegari aka buga gangar gayya. Wani magini daga Sabon Birni, wanda ke auren 'yar garin, ya zo ya auna wuri ya nuna inda za a haƙa. Amalanken shanu suka yi ta jigilar duwatsu, kowane gida ya kawo abin da ya samu, mata suka ɗora tukwanen fura da ɗanwake a bakin mashigi. Malam Kalilu da shekarunsa ya naɗe wando yana miƙa dutse, aka yi ta hana shi ya ƙi. Kwana tara aka yi. Ba zan yi muku ƙarya ba, kwalbatin ya ɗan karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, injiniya zai yi kuka idan ya gan shi. Amma da ruwan farko ya sauka, sai ya bi ta ƙasa, mutane suka bi ta sama, kuma abin da aka roƙa ke nan tun farko.

Aka zauna jiran kamu. Mako ɗaya, mako biyu, duk motar da ta nufo gari sai gaban dattawa ya faɗi. A mako na uku mota ta zo, amma ba 'yan kamu ba ne, masu fenti ne. Suka shafa wa kwalbatin fari da kore, suka tuge tsohon allon suka jefa a bayan mota, suka kafa sabo. Suka ce jibi Mai Girma zai zo buɗe aiki.

Wannan taron na halarce shi da kaina. An zo da sabon tafinta daga birni, mai ƙamshin turare. Malam Kalilu yana can baya a kan benci, ni ina gefensa, jikarsa tana kan cinyarsa tana wasa da bironsa. Mai Girma ya tsaya a tsakiyar kwalbatin, a kan duwatsun da Yari ya fasa farce wajen ɗaukarsu, ya buɗe hannuwa ya ce, "We promised. We built it." Tafinta ya ce, "Mun yi alƙawari, mun gina." Aka miƙo almakashi a kan faranti.

Marwan yana tsaye a bayan ubangidansa da jaka a hannu. Sau ɗaya ya ɗago ya dubi bencin baya, ya ɗan rusunar da kai, ya mayar da idonsa ƙasa.

Malam Kalilu ya matso kusa da kunnena. "Shekara bakwai ina sauraren mutumin ga. Yau na hwara jin ya saki kalmar aiki ita kaɗai, tsaye da ƙahwahunta, babu mai riƙe ta. Kuma a kan aikin da bai yi ba."

Na ce, "Malam, amma Turancin daidai ne?"

"Babu kuskure ko ɗaya," in ji shi.

Ni kuwa na yi tafi har hannuna ya yi zafi. Kada ku zarge ni, jama'a. Tun kafin mu jiyo jiniya mai shela ya zagaya ya sanar da mu cewa idan aka yanke ƙyalle za a yi tafi, kuma kalmar da ya sa a gaba ba may ba ce.